Matan da Na Rubuta Sun Warke

Talata: Daga Zariya zuwa Kawo

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidanmu a Tudun Wada, bayan na idar da salla na dama wa yara koko na rufe. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Maigidana ya kai ni tasha a kan babur ɗinsa. A nan ne ya ce, "Rakiya, sa hannu kawai aka ce ki je ki yi ranar Juma'a. Me ya kai ki tafiya tun Talata?" Na ce akwai mutanen da zan gani tukuna. Ya dube ni, ya san halina in na kafe, sai ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Motar ƙarama ce, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, naira dubu uku kowa. Ba ta cika ba sai shida da minti ashirin. Aka matse ni tsakanin wata mata mai buhun citta a cinya da wani dattijo da ya fara gyangyaɗi tun ba mu fita gari ba. Jakata tana kan ƙafata, a ciki akwai kaya kala biyu da tsohon littafina na kiran waya mai baƙin bango. Saboda littafin nan na yi tafiyar.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni, kada mai karatu ya ɗauka zumunci na je. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara tara na yi a ɗakin masu jego na wani asibiti a Kaduna kafin aikin maigidana ya dawo da mu Zariya bara. A ƙarshen zamana a can, wani likitan tiyata, Dakta Bashir, ya fara bincike a kan matan da aka yi wa tiyatar haihuwa. Wasu a ɗinke musu fata da tsohon zare, wanda sai mace ta dawo an cire mata. Wasu kuma da sabon zare mai narkewa da kansa, ba sai an cire ba. Abin da ake son sani shi ne a wanne ne ciwo ya fi yin mugunya.

Kafin a taɓa mace ɗaya sai da Dakta ya yi wa binciken rajista a intanet, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Rajistar nan alkawari ce a rubuce a gaban kowa: ga abin da zan duba, ga yadda zan duba shi, ga ranar da zan duba. Ana yin ta ne don kada mutum ya gama aiki ya tsinci abin da ya yi masa daɗi ya kai wa duniya, ya danne sauran. A tasa rajistar, Dakta ya rubuta cewa a kwana na talatin za a duba ciwon kowace mace da ido.

To, masu tsohon zare dole ce ke kawo su. Mu cire zaren, mu ga ciwon, mu sa musu ranar dawowa, in da mugunya mu rubuta. Masu sabon zare kuwa, suna fita ƙofar asibiti shi ke nan, ko ƙurarsu ba ma gani. Sai Dakta ya ce in dinga kiran lambar da ke gaban fayil ina tambaya. Lambar gaban fayil kuwa ta miji ce, don shi ke yankar kati. Na yi ta kira ina rubutawa. Da aka tattara, sabon zare ya fito fes, kamar ba a taɓa yin ciwo da shi ba. Dakta ya rubuta rahoto, ya ba da shawarar a daina wahalar da masu jego da dawowa asibiti. Ranar Juma'a zai aika wa mujallar likitoci, da sunana a ciki, sa hannuna kawai ake jira. Wallahi na yi murna, har yawo na yi da saƙon a waya ina nuna wa abokan aiki.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je suna a unguwarmu. Wata tsohuwa tana zaune kusa da ni da yarinya 'yar shekara ɗaya da rabi a cinya, tana ba ta kunu. Da shegen surutuna na ce, "Inna, ina uwar ta shiga ta bar ki da aiki?" Ta ce uwar 'yarta ce, ta rasu tun ba a yi arba'in ba. A Kaduna aka yi mata tiyata, ta zo gida wanka, ciwon ya kumbura ya fashe, kafin a kai ta asibiti zazzaɓi ya ci ƙarfinta. Da ta ji inda na yi aiki, sai ta shiga gidanta da ke nan kusa ta ɗauko mini katin asibitin. Ina ganin koren tambarin da ke jikinsa na gane shi, don da hannuna nake manna shi a katin masu sabon zare. Sunanta Maryama. Na koma gida na tono littafina daga akwati, na same ta. A gaban sunanta, da kyakkyawan rubutun nan nawa da ake yabo, na sa: "An kira a kwana na talatin. Lafiya lau."

Abin da ya fi ci mini rai, ni ma fa Bahaushiya ce. Haihuwata ta fari a ɗakin mahaifiyata na yi kwana arba'in ina wanka, maigidana ko gefen zanena bai gani ba. Na sani sarai mai haihuwar fari ba ta gidan miji a kwana na talatin. Amma na ɗauki waya na tambayi namiji labarin ciwon da ke ƙasan cibiyar matar da ba ta gidansa, kuma na rubuta amsarsa.

Bakwai saura kwata muka tsaya a shingen farko kafin Jaji. Direba ya sauke gilashi ya ce, "Sannu da aiki, oga," aka leƙo aka ce mu wuce. A shinge na biyu, bayan Birnin Yero, sai da aka buɗe but, aka kuma shinshina buhun cittar nan har mai shinshinar ya yi atishawa. Kowa ya yi dariya ban da ni. Direba ya kalle ni ta madubi ya ce, "Hajiya, tun da muka taso ba ki ce komai ba. Ko gaisuwar mutuwa za ki?" Na ce e. Takwas saura minti goma muka sauka a Kawo, kilomita tamanin ɗin nan sun ci mana awa ɗaya da rabi.

Unguwar Kanawa

Mai napep ya karɓi ɗari huɗu ya ajiye ni a ƙofar gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, cikin minti goma. Na same ta a tsakar gida tana kwashe wainar ƙarshe daga tanda. Ta ce, "A'a! Ke da kika ce Juma'a?" Ta zuba mini waina shida da miyar taushe, ta tsaya a kaina sai na ci. Ina ci ina ba ta labari.

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ban kai rabin magana ba ta ajiye cokalin juyi. "Miji? Miji kika tambaya? Ke 'yar nan, karatun ne ya cinye miki hankali? Mai gidan nan har ya koma ga Allah bai san nonona ya taɓa yin ƙurji ba, kuma ɗaki ɗaya ne tsakaninmu!" Na buɗe littafina na zaɓi sunaye uku, duk masu haihuwar fari, duk masu koren tambari: Hauwa a Badarawa, Binta a Hayin Banki, sai mijin Maryama a Kurmin Mashi. Kwana biyu gare ni, iya abin da ƙafata za ta kai ke nan.

Badarawa

Goma da rabi na shiga Badarawa. Adireshin da ke littafin shi ne "bayan masallaci, a tambayi Isuhu tela." Kai, Allah Ya gyara mu da irin adireshin da muke karɓa a asibiti. Masallaci nawa ne a Badarawa? Minti arba'in na yi ina tsallake kwata a lunguna, na samu Isuhu tela har biyu, na farko ko aure bai yi ba. Na biyun yana taka keke a wani ɗan shago, yana jin sunan asibitin ya miƙe tsaye.

"Sista! Ai na tuna kiranki. Allah Ya saka da alheri, ba kowane asibiti ne ke bin mutum har gida ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya rufe shago ya raka ni gida, ya tsaya a zaure ya ce in shiga. Hauwa tana wanki, yaronta yana jan guga. Da muka gaisa na roƙe ta mu shiga ɗaki in ga wurin ɗinkin. Muka shiga, ta saki labule ta sassauta zane. Tabon ya kai faɗin yatsu uku, ya lotsa ciki a gefen hagu, fatar ta tattare. Duk wanda ya yi wata ɗaya a ɗakin masu jego ya san ciwon da ya buɗe ya daɗe yana zuba ne ke barin irin wannan.

Ta ce a Rigachikun ta yi wanka, gidan iyayenta. Kwana goma sha biyu da tiyata wurin ya fara ruwa, daga baya ya soma wari. Mahaifiyarta ta yi ta gasa shi da ruwan zafi da gishiri, da abin ya ƙi sai suka kira mai kemis. Sati biyar yana zuwa yana wankewa. Akwai daren da ta yi wa ƙanwarta wasiyya a kan yaron.

Na ce, "Malam Isuhu ya sani?"

"Haba Sista! Wa zai faɗa masa? Inna ce za ta dubi surukinta ta ce masa ƙasan cibiyar 'yarta yana wari? In ya zo a zaure yake tsayawa, a miƙa masa jariri, ya ce yaya mai jiki, a ce da sauƙi, ya ajiye tsire ya tafi. Da na dawo ya ga tabon, na ce masa haka tiyata take."

Na gaya mata abin da na rubuta a kanta, na nemi izininta in gyara. Ta riƙe haɓa. "Lafiya lau kika sa? Tabɗi. Ki gyara mana. Amma don Allah kada ki faɗa masa, zai ga kamar an raina shi." Da na fito, Isuhu ya miƙo mini ruwan leda mai sanyi ya ce, "An ga komai lafiya ko, Sista?" Na ce yanzu kam lafiya. Na koma gidan Gwaggo bayan la'asar, aka ba ni tuwon masara da miyar kuka, na ci loma uku na ture.

Laraba: Kurmin Mashi

Tun yammacin Talata na kira mijin Maryama, Malam Nura, akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Lambar nan dai ce ta littafina. Ya ce in zo kafin ya fita aiki. Shida da rabi na tari napep, ɗari bakwai, yayyafi yana dukanmu ta gefe. Wata tirela ta lalace a babban titi, tafiyar minti goma sha biyar ta zama ta rabin awa. Mai napep yana ta tsaki yana cewa, "Kullum sai an yi mana haka a nan." Ni kuwa har addu'a nake kada hanyar ta buɗe.

Ɗaki biyu ne a gidan haya. Yayarsa ce ta buɗe mini, ita ke zaune da shi yanzu, ta kuma zauna tare da mu a falo. Kwanukan Maryama suna jere a kabet, an goge su tas. Malam Nura siriri ne mai sanyin murya, ya riga ya sa kaftanin aiki da hula. Na yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekara ɗaya da rabi. Ya amsa, ya gode. Sannan na tambaye shi ko ya tuna kirana.

"Na tuna. Ranar Litinin ce, ina ofis. Kika ce, 'Malam, yaya madam, ciwon ya warke?' Na ce Alhamdulillahi. Kika ce madalla, a gaishe ta. Ba mu yi minti ɗaya ba."

Ya ce ranar Lahadi ya kira Zariya, surukarsa ta ce da sauƙi. An ba shi Maryama, ya ji muryarta can ƙasa, ta ce rashin barci ne saboda jaririya. Abin da ya ji ke nan, shi ya faɗa mini. Ranar Juma'ar satin ta rasu, kwana huɗu bayan kirana.

"Na yi ta tunani, Sista," in ji shi. "Da kin ce in ba ki ita, da na ce tana Zariya, ga lambar surukata. Ni ma da na matsa da tambaya. Amma kwana ne ya ƙare."

Shi yana da damar faɗin haka. Ni ba ni da ita. Ban san ko da na kira Zariya a ranar za ta rayu ba, wannan sai Allah. Amma na san muryar mai zazzaɓin jego ko a waya ce, shekara tara ina jin ta. Kwana huɗu kuma lokaci ne mai yawa a aikinmu.

Ya tambaye ni ko asibitin ya san ta rasu. Na ce a'a.

"To a takardunku tana raye ke nan?"

"A takardunmu ta warke, Malam."

Yayarsa ta ce innalillahi, ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya juya yana kallon kabet ɗin. Can ya ce ranar da aka kawo musu takardar amincewa da shiga binciken, shi ya so ya sa mata hannu don tana jin jiki, ta ƙi, ta karɓi biro ta sa da kanta. Mace ce mai son rubutu, ko cefane sai ta rubuta. Ta gaya masa an ce abin da aka gani a jikinta zai taimaki wasu mata, shi ya sa ta yarda. Ya juyo ya dube ni, a karo na farko sosai.

"To ku rubuta abin da aka gani ɗin mana."

Ya raka ni har titi da lema, ya tare mini napep. Mutuncin nan nasa ya fi mini zafi fiye da duk abin da na ji a tafiyar.

Hayin Banki

Binta ban same ta ba. Sha ɗaya na safe na gano gidan, amma sun tashi tun bara, wayar mijin a kashe. Wata maƙwabciya ta ce ta ji an ce ta daɗe tana jinya bayan haihuwar. Wata kuma ta ce a'a, lafiyarta lau ta bar gidan, har biki suka je tare. Wallahi sai ga hannuna ya ɗauki biro zai rubuta maganar ta biyun, don ita ce mai daɗin rubutawa. Na tsaya ina kallon hannun nan kamar ba nawa ba. Abin da na sa a ƙarshe shi ne: "Ba a same ta ba. Ba mu sani ba."

Alhamis: Asibiti

Tara na safe na isa, aka ce Dakta yana ɗakin tiyata. Na zauna a benci na sayi gasasshiyar masara ina ci don kada in yi ta kuka a gaban tsoffin abokan aikina. Sai ɗaya da kwata ya fito. In faɗi gaskiya a kansa, don kada a ce na zo ɓata shi: Dakta Bashir yana da hannu. Na ga ya ceto matan da kowa ya cire rai da su, na ga ya ba da jininsa a ranar da babu mai bayarwa.

"Sista Rakiya! Kin riga ranar ma. Shigo, shigo." Takardar sa hannu tana kan teburinsa, da biro a kanta. Na ture ta gefe na ajiye littafina, na ba shi labarin Hauwa, da Binta, da Maryama. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Allah Ya jiƙanta. Amma Sista, mata biyu ne. Ko da tsohon zare ana samun haka."

"Ban ce zaren ne ya kashe ta ba, Likita. Cewa na yi ba mu sani ba. Masu tsohon zare mun gan su da idonmu, mun ga mugunya mun rubuta. Masu sabon zare mazansu muka tambaya. To me muka gwada? Idonmu muka gwada da kunyar surukai."

Ya ce shekara uku ya yi a kan aikin nan, da kuɗin aljihunsa ya ƙarasa shi, ƙarin girmansa ma a kansa ya rataya. Ya ce wa ke komawa ya karanta rajista? Na ce to mu biyu mu karanta. Ya yi tsaki amma ya buɗe kwamfuta. Ga shi nan da kalmominsa: za a duba ciwon kowace mace da ido a kwana na talatin. Muka buɗe rahoton. A can cewa ya yi an bibiyi dukkan matan har kwana talatin. Babu waya a ciki, babu miji, babu inda ya ce an sauya hanya.

Nan ya hau ni da faɗa. "Ke kika yi kiran! Ke kika rubuta lafiya lau! Ni ina na san ba sa gidajensu?"

"Ka sani, Likita. Matarka a ina ta yi wankan ɗanku na fari?"

Na ce mu biyu muka sani, ni ce dai mai biro. Can sai ya sassauta murya ya ce akwai mafita: a cire matan nan daga lissafi gaba ɗaya, a ce bayanansu ba su cika ba, sauran su tafi yadda suke. Raina ya ɓaci. Na ce, "A cire Maryama? An ɗauke ta daga duniya, yanzu kuma daga takarda? In rahoton nan ya fita, asibitoci za su daina kiran masu jego su dawo, kuma da sunana za su daina. Ba zan sa hannu ba. Ka cire sunana, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili zan faɗa masa."

Ya murza ido. Sannan ya ɗaga waya ya ce a kawo masa fayilolin masu koren tambari. Aka shigo da su a kwali, sun cika shi har baki. Ya zaro na Maryama ya miƙo mini.

Na buɗe. Ga lambar Malam Nura a gaba, inda idona ya saba tsayawa. Ga takardar kwana na talatin da rubutuna. A ƙarƙashinta ga takardar amincewa da sa hannun Maryama, haruffa ƙanana a jere tsaf. Ban san abin da ya sa na juya bayanta ba, ban taɓa juya ko ɗaya ba a duk zamana a asibitin. A can ƙasa, da wannan rubutun dai, akwai lambar waya, da layi ɗaya: "Innata, Zariya. Can zan yi wanka."

Ta rubuta mana. Tun ranar farko ta rubuta mana, yana cikin fayil ɗin da na riƙe a hannuna ina kiran mijinta. Na nuna wa Dakta. Ya karanta, ya cire tabarau ya ajiye, ya juya wajen taga.

A takardun bincike akwai ƙa'ida: ba a gogewa, ba a shafa farin fenti, ba a yaga shafi. In ka yi kuskure layi ɗaya za ka ja a kai, yadda kowa zai iya karanta abin da ka fara rubutawa, ka sa daidai a gefe, ka sa hannu. Dakta ya turo mini biron da ya ajiye don sa hannun murna. Na ja layi a kan "Lafiya lau." A gefe na rubuta: "Ciwo ya yi mugunya. Ta rasu a kwana na talatin da huɗu a gidan mahaifiyarta. Miji aka tambaya, ba a gan ta ba." Na sa hannu. Na gyara na Hauwa da na Binta. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin nan har abada zai ga abin da na fara rubutawa a ƙarƙashin layin, da sunana a kusa.

"Ba zan aika gobe ba," in ji Dakta, bai dube ni ba. Bai ce zai sake rubutawa ba, bai ce zai jefar ba. Ya nuna kwalin ya ce, "Waɗannan fa, wa zai bi su?" Na ce zan ɗauki hutuna na shekara in dawo, gida gida. Na kwafi lambar nan a tafin hannuna na fito. Bai raka ni ko bakin ƙofa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Komawa Zariya

Na biya na ɗauki jakata, Gwaggo ta cusa mini ƙullin daddawa ta ce in daina kukan haka a titi, mutane za su ɗauka ita ce ta mutu. Huɗu da rabi motarmu ta tashi daga Kawo. Shinge biyu, ba wanda ya tsayar da mu. Na dunƙule hannuna duk hanya don kada gumi ya goge lambar. Shida da minti goma na shiga gida, yara suka rufe ni, maigidana ya ce, "An sa hannun?" Na ce an sa, amma ba inda aka ce ba.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo Asabe da masauki da faɗan da ta yi mini, da Hauwa da ta buɗe mini abin da ta ɓoye wa mijinta, da Malam Nura da bai kore ni ba. Dakta Bashir ma na gode masa, don ba kowa ne zai turo biron ba. Allah Ya jiƙan Maryama, Ya raya abin da ta bari.

Kafin in cire mayafi na buɗe hannuna na danna lambar. A raina ina fatan a ce a kashe take, ko an daina amfani da ita, in samu ɗan abin da zan riƙe. Sau biyu kawai ta yi ƙara aka ɗauka. Na ji kukan yarinya a gefe, da muryar tsohuwar nan ta gidan suna tana cewa, "Salamu alaikum, wa ke magana?"

Na ce, "Inna, Sista Rakiya ce, daga asibitin Kaduna. Na kira ne a kan Maryama."